Wane, lambar shafi kawai muka tambaya

Jama'a barkanmu da war haka. Yau ba da kowa nake ba, don haka kada wani ya kira ni cikin dare yana "haba ɗan'uwa, ai da ka same ni a gida." Ban kama suna ba, ban faɗi mazaɓa ba. In wani ya ji gabansa ya faɗi, to dama mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Akwai wani bawan Allah da muka taso tare, tabarma ɗaya a makarantar allo, benci ɗaya a wurin mai shayi. Kafin zaɓen 2023 duk unguwarmu ba wanda ya kai shi iya caccakar 'yan majalisa, a bakinsa ma na fara jin "ɗumama kujera". To, Allah ya yi masa buɗi. An ba shi sabuwar waya da kuɗin data, da wani muƙami mai dogon suna wanda ko shi sai ya leƙa katinsa kafin ya faɗa. Tun daga ranar ya daina ganin kujerar, balle mai ɗumama ta. Wallahi ba na masa hassada, arziki na Allah ne. Abin da ya kawo ni, shekaranjiya na ajiye tambaya ɗaya a ƙarƙashin rubutunsa: yaushe rabon ogansa, wato ɗan majalisar mazaɓarmu, ya miƙe a zauren Majalisar Wakilai ya yi magana da yawunmu? Sai ga hotuna kamar ruwan sama. Oga a filin jirgi, oga a ɗaurin aure, oga yana miƙa wa wata tsohuwa taliya, wani ya riƙe mata hannu don kada ta wuce kafin mai hoto ya gama. Ya rufe da cewa 'yan baƙin ciki sai dai su mutu.

To Wane, ba mu mutu ba, muna nan, kuma mun ɗan yi karatu.

Majalisar da ogan naka yake ciki ba ta aiki da ka. Duk ranar zama akwai takardar jadawalin abin da za a tattauna, akwai takardar abin da aka zartar, sannan akwai kundin da suke kira Hansad, inda ake rubuta maganar duk wanda ya yi magana tare da sunansa. Su 360 ne a wannan zaure, an rantsar da su ranar 13 ga Yunin 2023, kuma ana nuna zamansu kai tsaye a intanet. Wanda ya tashi ya ce hanyar garinsu ta zama tarkon mutuwa, an rubuta. Wanda ya kawo ƙudiri, an rubuta ranar karatu na ɗaya, an rubuta ranar na biyu in ya kai can. Wanda kuma tun da aka rantsar da shi makirfon ɗin gabansa bai san warin bakinsa ba, shi ma kundin ya ba da shaida a kansa, don za ka yi ta buɗe shafi har idonka ya yi ja ba ka ci karo da sunansa ba. Ni na buɗe. Na sha shayi kofi uku a kan aikin.

Ka ce mini ya gabatar da ƙudiri. Madalla. Karatu na ɗaya, ai sunan ƙudirin kawai ake karantawa a wuce, ba muhawara, ba gumi. Aikin yana karatu na biyu, inda mai ƙudiri zai miƙe ya kare abinsa a gaban 'yan'uwansa, sannan kwamiti, sannan jin ra'ayin jama'a, sannan karatu na uku, a tura Majalisar Dattawa ta amince, a kai wa shugaban ƙasa, wanda tsarin mulki ya ba kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. A wace tasha naku ya sauka? Don motar da ta mutu a bakin tasha ba a cewa ta je Abuja.

Sai maganar zuwa aiki. Sashe na 63 na tsarin mulkin 1999 ya ce kowace majalisa za ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara. Sashe na 68 kuma ya ce wanda ya yi fashin fiye da kashi ɗaya cikin uku na kwanakin zama ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, kujerarsa ta tashi. A majalisarmu ta bakin titi, wadda ba albashi ba alawus, in mutum ya yi kwana uku bai zo ba sai mun tura yaro ya dubo ko lafiya. Mu ma fa dubiya muke son yi, shi ya sa muke tambayar rajista.

Na san abin da ke rufa wa irinsu asiri: ƙuri'ar murya. Shugaban zama ya ce masu goyon baya su amsa, a yi guɗa ɗaya, a buga guduma, ba wanda zai san wa ya ce e, wa ya ce a'a, wa kuma yake Dubai. Amma wata rana akan kira suna. A watan Yulin 2021, da Majalisar Dattawa ta zo kan batun tura sakamakon zaɓe ta na'ura, sai da aka kira sanatoci ɗaya bayan ɗaya: 52 suka tsaya gefe guda, 28 ɗaya gefen, wasu 28 kuma aka neme su aka rasa. Jaridu suka buga sunayen kowa. Irin wannan rana ce 'yan ɗumama kujera ke tsoro fiye da ranar zaɓe.

Yanzu bari mu zo kan abin da kake taƙama da shi, wato aikin mazaɓa. Shekara da shekaru an yi ta ware naira biliyan 100 a kasafin tarayya duk shekara don irin waɗannan ayyuka na 'yan majalisa. A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari da bakinsa ya ce an kashe kusan tiriliyan ɗaya a shekara goma ba a ga tasirinsa a wurin talaka ba, kuma a shekarar ce hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta fara bin sawun ayyukan. Kuɗin gwamnati ne, wato namu, ba gadon gidan kowa ba. Saboda haka in ka sake rubuta "oga ya gwangwaje al'umma", ka ƙara da cewa da kuɗin al'umma. Burtsatsen da ka ɗora hotonta kuwa, da ƙafata na je. Allon da ke ɗauke da hoton oga ya fi tankin girma, an ma gyara masa hula da kwamfuta. Famfon, tun ranar da aka yanke kintinkiri aka watse, bai sake ɗiga ba. Na tarar da akuya ta kwanta a inuwar allon, ga yara sun wuce ta da jarkoki za su rafi. Akuyar dai ta ci romon dimokuraɗiyya.

Kuma kada ka ce tambayar kuɗi rashin kunya ce. Sanata Shehu Sani a 2018 ya faɗa wa duniya cewa sanata na karɓar naira miliyan 13.5 duk wata na tafiyar da ofis. A 2024 Sanata Kawu Sumaila ya faɗa wa BBC Hausa cewa abin da ke shigo masa a wata ya kai miliyan 21. Su sun faɗi nasu, sama ba ta faɗo ba. Naku na Majalisar Wakilai nawa ne, kuma ina ofishin mazaɓar da ake tafiyarwa? Wanda na sani, kwaɗon ƙofarsa ya yi tsatsa, mai sayar da rake ne ke cin kasuwa a barandar.

Na ji kana yi mana dariya wai mu yi kiranye in mun isa. Gaskiyarka, da wuya. Sashe na 69 yana son sa hannun fiye da rabin masu rajistar zaɓe na mazaɓa, INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. An gwada a kan Dino Melaye a Kogi, a 2018 abin ya rushe tun a wurin tantance sa hannu. Ba mu da ƙarfin wannan, ba kuma za mu ɓata takalmanmu ba. Abin da muke da shi biro ne da takarda, da Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukumar gwamnati kwana bakwai ta amsa wa ɗan ƙasa. Ranar Litinin in Allah ya kai mu wasiƙarmu za ta tafi ofishin akawun majalisa, muna neman rajistar halarta, wata kuma za ta tafi hukumar da aka bi ta hannunta aka haƙa burtsatsen akuya.

Kafin nan, Wane, ka hutar da mu. Ka turo kwanan wata da lambar shafin Hansad inda oga ya yi magana, ko da "na goyi baya" ne. In ka turo, ni da kaina zan ɗora a shafina in ba ka haƙuri a bainar jama'a, shayinka na sati guda kuma a wuyana, har da ƙwai. Lambata ba ta canja ba, ita ce dai wadda kake yi wa filashin kafin a ba ka muƙami.