Gajiya ba ibada ba ce, 'yar'uwa

Salama gare ku 'yan'uwana mata cikin Almasihu, musamman ku da kuke fita nema tun da duku-duku: malaman makaranta, ma'aikatan jinya, na banki da na gwamnati, da masu rumfa a kasuwa. Maganar da zan yi ba za ta yi wa wasu shugabanninmu daɗi ba, amma gara a faɗe ta. Da yawa cikinmu muna kashe kanmu da gajiya, muna kuma kiran abin hidimar Ubangiji.

Ɗauki wadda take zaune a Mararaba tana aiki cikin Abuja. Ƙarfe 4 na asuba ta tashi, ta ɗora ruwa, ta shirya yara, ta fita kafin hanyar Nyanya ta cushe. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya cinye albashi, sai ta ƙara da sayar da zannuwa ko zoɓo a ofis. Ta dawo da dare, tukunya na jiranta. Ga kuma tsarin majami'a: yau taron Zumuntar Mata, gobe addu'ar tsakiyar mako, jibi koyon waƙa, daren Juma'a a kwana ana addu'a, Asabar biki ko jana'iza, Lahadi sujada, bayan an tashi kuma kwamiti. Ranar da ta gaza zuwa guda ɗaya, sai a fara raɗa cewa wance ta yi sanyi cikin bangaskiya. Ita ma ta yarda, ta kwana da nauyin laifin da ba ta yi ba.

Sandar da aka fi dukanmu da ita ita ce Karin Magana sura 31. Duk makon mata sai an karanta mana macen nan da take tashi tun da sauran dare, fitilarta kuma ba ta mutuwa. To, mu karanta duka mana, ba ayoyi biyu ba. Daga aya 10 zuwa 31 waƙar yabo ce mai baiti 22, kowane baiti yana farawa da harafi ɗaya na Ibrananci bi da bi. Kirari ne ake yi wa mace a kan aikin rayuwarta gaba ɗaya, ba jadawalin yini guda ba. Macen tana da barori mata da take raba wa aiki. Tana duba gona ta saya da kanta, tana ciniki, ta san ribarta. Mijinta yana yabonta a fili. A aya ta ƙarshe kuma cewa aka yi a ba ta rabonta daga abin da hannuwanta suka samar. Ban cika jin an tsaya a kan wannan ayar ba idan ana wa'azin makon mata, kuma ina ganin na san dalili.

Allahn da ya ba da kwana 6 na aiki, shi ne ya sa hutu cikin Dokoki Goma, a jere ɗaya da kada ka yi kisankai, kada ka yi sata. Mu kuwa mun ɗauke shi kamar shawara ce da za a bi in an sami sarari. A Markus 6:31, lokacin da jama'a suka yi ta kai da kawowa har almajirai ba su sami damar cin abinci ba, Yesu bai ce su ƙara ƙwazo ba. Janye su ya yi zuwa wurin da ba kowa domin su ɗan huta, alhali mabukata na nan tsaye.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na annabi Iliya a 1 Sarakuna 19. Mutumin da ya tsaya shi kaɗai gaban annabawan Ba'al 450 a Dutsen Karmel, shi ne ya gudu jeji, ya zauna gindin wani itace yana roƙon Allah ya ɗauki ransa. Me aka aiko masa? Ba tsawa ba, ba azumin kwana 7 ba. Mala'ika ya tashe shi ya ci waina ya sha ruwa, ya koma barci, aka sake tashinsa ya ƙara ci. Sai bayan haka, can a Horeb, Ubangiji ya tambaye shi abin da ya kawo shi. Saboda haka idan kin ga addu'a ta yi miki nauyi, kina buɗe Littafi Mai Tsarki ido na rufewa, kina yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, kada ki yi saurin cewa Shaiɗan ne ya sa ki gaba. Tambayi kanki awa nawa kika yi barci a makon nan.

Jiki magayi. Ciwon kai da ba ya tafiya, jiri, bugun zuciya, ba abin da za a shafa wa mai a yi shiru ba ne. Hawan jini yakan daɗe a jiki ba tare da wata alama ba, awonsa kuma bai kai minti 5 ba. In ana ta samun 140 bisa 90 ko fiye, ga likita. In an ɗora ki a kan magani, kada ki ajiye shi don an yi miki addu'a a wani taro. Luka da ya rubuta mana bishara likita ne, Ishaya kuma da ya kawo wa sarki Hezekiya albishirin ƙarin shekara 15, shi ne ya ce a ɗora masa curin ɓaure a kan marurun. Haka ma baƙin cikin da ya wuce mako biyu yana hana ki ci da barci, ko wanda ya biyo bayan haihuwa: faɗa wa ma'aikacin lafiya, ba rashin bangaskiya ba ne.

A wurin aiki, san haƙƙinki. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba mai juna biyu hutun mako 12, ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a yini. Ma'aikatan gwamnatin tarayya suna da mako 16, jihar Kaduna kuma ta kai nata wata 6 a 2019. Neman abin da doka ta ba ki ba rashin tawali'u ba ne.

A majami'a kuma, koyi cewa a'a cikin ladabi. "Mama, na gode da kuka ga na cancanta, amma bana ba zan iya riƙe ma'aji ba." Shi ke nan, ba sai kin ƙirƙiro ƙarya ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Yetro ya ga surukinsa Musa yana shari'a daga safe har yamma, ya ce masa abin da yake yi ba daidai ba ne, zai gajiyar da kansa da jama'ar duka, ya raba aikin. Iyayenmu shugabannin zumunta, a duba wannan. Mata biyar ɗin nan da ake ɗora wa komai su ma mutane ne, kuma taron da aka sa ƙarfe 4 na yamma ranar aiki an riga an cire ma'aikaciya daga ciki. Batun anko kuwa, wanda ake cin bashi a yi saboda kada a ga baya, a bar shi sai wani zama, don shi kaɗai ya isa wa'azi.

Sai dai akwai inda nasihar take juyowa kanmu. Da yawa cikinmu hutun da muke samu a kan wuyan wata yarinya muke samunsa, wadda aka ɗauko daga ƙauye da alkawarin za a sa ta makaranta. Ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen kwanciya. Ranar Lahadi muna gaba cikin zanen zumunta muna rera waƙa, ita tana waje da goyo, ko tana gida tana wanki. Kubawar Shari'a 5:14 ta ambaci baranya a cikin waɗanda za su huta, ta kuma faɗi dalili: domin su huta kamar yadda kai ma kake hutawa. Dokar hana fataucin mutane ta 2015 ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida. In kina da mai taimaka miki, biya ta a kan lokaci, ki cika alkawarin makarantar, ki ba ta ranarta. Sauran aikin kuma a raba shi a cikin gida. Ɗa namiji mai shekara 14 zai iya wanke kwanuka, maigida ma hannunsa ba zai karye ba don ya yi wa yaro wanka ranar da kike aikin dare.