Farar fata ba ta sa 'yan Fotugal gaba a Hawai ba

Da yawa suna ɗauka cewa a tsibiran Hawai na Amurka, jikokin mutanen Fotugal sun fi jikokin Japanawa wadata, tun da su Turawa ne. Abin ba haka yake ba.

Duka biyun noman rake ne ya kawo su. 'Yan Fotugal sun fara sauka a 1878, galibi daga tsibiran Madeira da Azores na ƙasar Fotugal, Japanawa kuma suka fara zuwa da yawa daga 1885. Gaskiya ne a gonakin an fi ba ɗan Fotugal albashi, shi ake ɗorawa bisa doki yana tsawata wa leburori. Amma iyakarsa ke nan. Masu gonakin, zuriyar Amurkawa da Ingilishi, ba su taɓa ɗaukarsa nasu ba, har a ƙidayar 1930 daban aka rubuta 'yan Fotugal da sauran fararen fata.

Japanawa kuwa sun yi yajin aiki a 1909 da 1920, suka bar gona suka buɗe kantuna, suka dage da sa 'ya'ya makaranta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu 'ya'yansu da suka yi wa Amurka aikin soja suka yi karatun jami'a da tallafin gwamnati, suka shiga siyasa gadan-gadan a zaɓen 1954. Daga cikinsu Daniel Inouye ya zama sanata a 1963, George Ariyoshi kuma gwamnan Hawai a 1974. Yau a ilimi da manyan muƙamai, jikokin Japanawa ne a gaba.