Tukunyar Kawu da injin karɓar gwangwani

Duk ranar Asabar nakan tattara robobin ruwa da gwangwanayen lemon da muka sha a mako, in kai kantin da ke kusa da gidanmu a nan Jamus. Akwai inji a bakin ƙofa. Kana zura roba sai ya jujjuya ta, ya karanta lambar jikinta, ya haɗiye. In ka gama ya miƙo maka 'yar takarda, santi 25 kan kowace ɗaya. Kuɗin da ka ajiye tun lokacin saye ne ake mayar maka. Tun 2003 ake wannan tsari, shi ya sa da wuya ka ga gwangwani a kwata. Ko wani ya yar, wani zai tsince kafin gari ya waye.

Ranar da na fara zura gwangwani a injin nan, Kawu ne ya faɗo mini a rai, ƙanen mahaifiyata mai zubin tukwane a Jos. Ina yaro nakan wuni a rumfarsa. 'Yan jari-bola su zo da buhuna, a zazzage a ɗora kan sikeli: gwangwanaye, fistan mota, ɓallen ƙofar taga, duk abin da ya yi kama da alminiyom. Kawu ya tattake yashi mai laima a akwatin katako, ya danna tsohuwar tukunya a ciki har siffarta ta fito, yaronsa na juya wilin keke yana hura gawayi. In ƙarfen ya narke ya koma kamar ruwan azurfa, sai ya ɗago kai ya ce, "Ja baya ɗana, ruwan nan bai san na gida ba." Kafin la'asar tukwane sun jeru suna shan iska, masu tuwo-tuwo na jira.

A nan Turai wannan abin da Kawu yake yi ya zama babban fagen bincike. Masanin sinadarai, injiniya, likita, masanin tattalin arziki da lauya suna zama tebur guda a kan tambaya ɗaya: ta yaya kaya za su daina ƙarewa a bola? Tun daga zanen kayan ake tunanin ranar da za a kwance su. A garin Kalundborg na Denmark, tun shekarun 1970 masana'antu ke sayar wa juna abin da wata za ta zubar, ya zama jarin wata. Daga ƙarshen 2024 doka ta tilasta sababbin wayoyin da ake sayarwa a Tarayyar Turai su yi amfani da bakin caja iri ɗaya, kuma a shekarar ce aka amince da dokar 'yancin gyara kaya. Masana sun lissafa cewa sake narka alminiyom yana rage kusan kashi 95 cikin 100 na wutar da za a ci wajen yin sabo.

Ina jin ciwo idan na ji 'yan uwana da ke zaune a waje suna cewa mu an bar mu a baya. A wajen juya kaya, ba a bar mu ba. Wane ne bai san takalmin taya ba, ko gugar tsohon tiyub, ko fitilar gwangwanin madara? Mai gyaran waya a kasuwar Taminus ta Jos zai ta da wayar da Bajamushe zai ce ta mutu. A Jos har ramukan da Turawan kuza suka bari suka cika da ruwa, manoman rani sun mai da su rijiyar ban ruwa, kuma tokar bolar gari suke saya a tifa su zuba a lambu a madadin taki. Latas da karas ɗin kasuwar Farin Gada da muke alfahari da su, wasu daga can suka fito.

Inda Turawa suka fi mu shi ne awo. Ba wanda ya taɓa zuwa rumfar Kawu ya gwada abin da ke cikin tukunyarsa. Wani bincike da aka buga a 2014 kan irin waɗannan tukwane a Kamaru ya gano cewa dalma tana iya fita daga jikinsu ta shiga abinci, saboda tarkacen da ake cakuɗawa wajen narkawa. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu, bai kamata mu ji wannan mu kau da kai ba. Haka tokar lambu: a da kusan duk ta itace ce da ragowar abinci, yanzu har da batir da leda aka ƙone a ciki. Manomi ba shi da hanyar sanin abin da kabejinsa ya tsotsa.

Kada kuma a ɗauka hannun Turawa fes yake. A 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na tarkacen kayan lantarki, bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba wanda aka tabbatar an sarrafa yadda ya kamata. Na sha ganin ana loda matattun firji da talabijin a kwantena da sunan gwanjo, kuma na san inda za su sauka.

Don haka ni ba injin nan nake so a kwaso mana ba. In aka girke shi a Jos, abincin dubban 'yan jari-bola aka tsone. Jami'ar Jos tana da sashen kimiyyar sinadarai, tana da likitoci, tana da masana tattalin arziki. A Abuja akwai hukumar binciken albarkatun masana'antu tun 1987. Abin da nake fata shi ne su taka zuwa rumfunan maƙera da lambuna, su zauna a kan benci ɗaya da masu sana'ar, da Hausa, a ware wane tarkace ne ya dace da tukunyar abinci, wanne ne sai dai murhu ko turken shinge. A samo gwaji mai arha da maƙeri zai iya yi da hannunsa. A sa 'yar ajiya a kan ledar fiya wata, a biya ta hannun yaran da dama su ke tsintar ta.

Makon jiya na kira Kawu na roƙe shi ya daina haɗa lagireto da duk abin da ya fito daga batir a narkon tukunya. Ya saurare ni har na kai aya, tarin nan nasa na shekara da shekaru yana katse mu. Sannan ya ce, "Na ji, ɗana, Allah Ya yi albarka. Amma zallar gwangwani ta fi tsada a kilo, mai tuwo kuma ba za ta ƙara mini ko sisi ba. Wa zai cike mini giɓin?" Na yi shiru da waya a kunne, har ya ɗauka layin ne ya yanke.