Tazarar da na auna da yatsa

A majalisarmu ta Agege a Legas, inda muke zama gefen teburin mai shayi bayan sallar isha'i, an san ni da rashin rasa amsa, kuma wannan suna ne ya ja mini wahala. Katin gayyata biyu suka same ni a mako guda: ɗaurin auren ɗan yayana a Sakkwato ranar Juma'a, da na 'yar abokin cinikina a Maiduguri ranar Asabar da hantsi. Dattijon majalisar ya ce, "Alhaji, zaɓi ɗaya, taura biyu ba ta taunuwa."

Sai na zaro waya na buɗe taswira, na ɗora yatsa tsakanin garuruwan biyu, ya rufe tazarar har da saura. Na yi musu bayani cikin isa cewa ta sama kilomita kusan 870 ne kawai, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna, alhali daga Legas zuwa Maiduguri ya haura 1,200. Na ce, "Baba, ai duk Arewa ce, kamar daga ɗaki ne zuwa zaure." Ban sayi tikitin Sakkwato zuwa Maiduguri ba, domin a ganina wanda zai tsallaka zaure ba ya neman izini.

An ɗaura aure a Sakkwato lafiya, na nufi filin jirgi da babbar rigata tana ƙamshin turare, na nemi tikitin Maiduguri. Ma'aikacin ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ranka ya daɗe, ba mu da jirgin da ke zuwa can kai tsaye." Na nuna masa taswirar, har na maimaita masa awon yatsa, shi kuwa ya bayyana mini cikin ladabi cewa jirgi fasinja yake bi, kuma fasinjan Arewa yawanci Abuja ko Legas suke nufa, saboda haka sai an biya ta ɗayansu. Kujerun Abuja sun ƙare. Mota kuwa sai ta ratsa Gusau da Kano da Potiskum da Damaturu, fiye da kilomita 1,000, ga dare ya gabato. Abin da ya rage shi ne jirgin Legas, wato garin da na baro jiya ina cika baki.

Haka na sauka Ikeja da dare, na hau a-daidaita-sahu zuwa Agege, na zagaya ta bayan layi domin kada 'yan majalisa su gan ni. Uwargida ta buɗe ƙofa ta ce, "Maigida, lafiya? An fasa auren ne?" Na ce mata a hanya nake, ta ce ba ta taɓa ganin matafiyin da ya yada zango a gadonsa ba.

Da safe jirgin ya yi jinkiri, na isa Maiduguri bayan azahar, an watse, ana naɗe tabarmi. Abokina ya damƙa mini goro biyu da ragowar dabino, ladan tafiyar kilomita kusan 2,000 tsakanin garuruwan da yatsana ya rufe.

Ashe yaron mai shayi ya hange ni a daren. Da na dawo majalisa, Baba ya miƙo mini yatsansa ya ce, "Alhaji, gobe zan je Oshodi nan cikin Legas, auna mini, ko sai na biya ta Sakkwato?"