Mourinho ba tsaron gida kaɗai ya iya ba

A gidajen kallon ƙwallo, da zarar an ambaci koci José Mourinho sai ka ji an ce ai shi bai san komai ba sai tare gida, ya cika bakin raga da 'yan wasa ya jira sa'a. Maganar nan tana damuna, domin rabin labarin ne kawai.

Masu faɗin haka suna da abin kafa hujja. A watan Afrilun 2010, Inter Milan, wadda Mourinho ke horarwa a lokacin, ta je gidan Barcelona a wasan kusa da na ƙarshe na gasar Zakarun Turai, ta koma baya kusan duk wasan. Sai dai ana manta dalili. Inter ta riga ta ci 3-1 a karawar farko a Milan, sannan a wasan na gidan Barcelona aka ba ɗan wasanta Thiago Motta jan kati tun kafin hutun rabin lokaci. Mai mutum goma, kuma yana gaba da ƙwallo biyu, me zai fita nema a gaban Messi da Xavi?

Mourinho yana duba abokin karawa da irin 'yan wasan da ke hannunsa ne, sannan ya tsara wasa. Misali ɗaya ya isa: a kakar 2011/2012, Real Madrid a ƙarƙashinsa ta lashe La Liga da maki 100, ta zura ƙwallo 121, abin da ba a taɓa yi ba a gasar Sifaniya kafin nan. Kuma Barcelona ta Guardiola ce ta zo ta biyu a wannan shekarar.