Abin da na rufe a cikin fitilar motata

Fitilar gaba ta ɓangaren direba ta fara gumi daga ciki, kuma da na duba sai na tarar baƙin gam ɗin da ya haɗa gilashin da jikin fitilar ya saki ta sama. Na sayo sabon gam na butil, wanda yake zuwa a naɗe, da ledar kariya da ake manna wa gilashin, tunda gilashin fitilun yanzu roba ne da yashi da rana suke dusashewa. Na sassauta bamba, na kwance notuna, na ciro fitilar, na ari na'urar busar da gashi ta matata.

A nan ne wani maƙwabcina ya jawo kujerarsa ya zauna. Mutumin nan bai taɓa mallakar mota ba, amma babu motar da za a buɗe bonet ɗinta a gabansa ba tare da ya faɗi ciwonta ba. Ya fara da cewa in yi amfani da silikon, na amsa masa cewa tururin silikon yana iya dusashe madubin da ke cikin fitila, kuma idan ya bushe buɗe fitilar sai da wahala, alhali butil da ya ji zafi yake laushi. Ya nuna ƙananan ramukan da ke bayan fitilar ya ce in toshe su, na ce masa ta nan ne danshi yake fita, wanda ya toshe su ya tara wa kansa ruwa. Da ya miƙa hannu zai ɗauki ƙwan fitilar, na gargaɗe shi cewa maiƙon yatsa yana kashe ƙwan halojin da wuri. A ƙarshe na roƙe shi, cikin ladabi, da ya daina sa mini baki, kuma ya daina.

Na dumama tsohon gam, na kankare shi, na goge cikin fitilar da tsumma, na shimfiɗa sabon gam a raminsa, na danna gilashin har maƙalansa suka kama. Ledar kuwa na fesa mata ruwan sabulu, na bi ta da kati daga tsakiya zuwa gefe har ba sauran kumfa.

Magariba na gabatowa na mayar da komai, na kira mutanen gida su zo su gani, na kunna fitila. Ta dama ta haska bango tas, ta hagu kuma ta fitar da rabin haske, da wata inuwa mai kama da kunnen akuya. Kowa ya yi shiru. Na sauko na tsuguna, ina cewa wataƙila saiti ne ya goce. 'Yata ƙarama ce ta kara fuskarta da gilashin ta ce, "Baba, ga singiletinka a ciki." Tsumman ne, guntun tsohuwar singiletina, ya kwanta a gaban madubin, har ana iya karanta lambar wuyansa ta cikin ledar da na sha wahalar gyarawa. Matata ta juya baya kafaɗunta suna rawa. Na ɗaga kai na dubi maƙwabcina, ya gyara zama, ya ce, "Malam, ai na gan shi tun lokacin da kake danna gilashin, amma ka ce kada in sa baki."

Wannan maganar ce ta tsaya mini a rai. Mutum ya zauna yana kallo ina mannawa, ina saita leda, ina ɗaure bamba, har ya riƙe mini noti ɗaya da fara'arsa, bakinsa a rufe. Wanda bai iya shiru a kan silikon ba, ranar nan ya iya shiru.

Na kashe fitilar da sauri kada zafin ƙwan ya ƙona tsumman. Sake dumama gam ɗin zai lalata ledar, don haka na cire murfin robar baya da ƙwan, na zura waya mai lanƙwasa ina lalube. Rabin tsumman ya fito, sauran ya maƙale a ƙasan madubin inda ba ya tare haske sosai. Zan ciro shi, amma sai ranar da na tabbatar maƙwabcina ya yi tafiya.