Kuɗin ajiya ba hayar watan ƙarshe ba ne

Wai wa ya koya wa 'yan haya a Maraɗi cewa kuɗin ajiya hayar watan tashi ne? Mutum ya kama ɗaki biyu da falo a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo kan jika 30 a wata, ya ba da ajiyar wata biyu, jika 60. Da ya ƙudurta tashi sai ya daina biya, ya ce: "Alhaji, a cire a cikin ajiyata."

To, ɓarnar fa, da me za a gyara ta? Bango ya sha ƙusa da hayaƙin gawayi, sai an yi faci da siminti kafin fenti. Famfo na ɗiga, makulli ya karye, masai ya cika sai an kira motar kwasa. Mafi ciwo takardar wuta da ta ruwa: kwantar, wato mita, da sunan mai gida take, bashin kansa zai hau, in an yanke shi zai biya kuɗin maidawa. Ga lanho na jiransa, ɗaki kuma ya yi wata a rufe.

Don Allah masu gida, ku rubuta a takardar haya, gaban dillali da shaidu biyu, cewa ajiya ta gyara ce kawai. Ku ɗauki hoton lambar kwantar ranar shiga da ranar fita, kada ku karɓi makulli sai kun ga rasidin watan ƙarshe.